Awar Farko a Ɗakin Gaggawa: Abin da Za Ka Yi Bi da Bi, da Abin da Za Ka Bari

Duk wanda ya daɗe a imajansi na babban asibiti a Arewa ya san baƙinsa tun kafin su iso. Da damina, yara masu zazzaɓi da taune-taune, da manoman da maciji ya sara a gona. Da bazara, sanƙarau da ƙyanda. Haɗarin babur da matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa kuwa, su ba su da lokaci. Kusan dukkan waɗannan larurori an yi gwaji a kansu da dubban majinyata, da yawa a Afirka, wasu ma a asibitocinmu na Najeriya. Sakamakon ya tabbatar da wasu abubuwan da muka gada daga manyanmu a wurin aiki, ya kuma rushe wasu da muke yi da zuciya ɗaya muna ganin taimako ne.

Wannan jagora ta nas ce, da jami'in lafiya, da sabon likitan da aka bar shi shi kaɗai da dare. Adadin magungunan da ke ciki shi ne na ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma kafin ka zuƙi allura duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, ka kuma san nauyin majinyacinka.

Mataki na 1: A bakin ƙofa, kafin yankan kati

Layi na wanda ya riga zuwa ne a ko'ina, ban da nan. Mutum guda ya tsaya inda ake shigowa, ya dubi kowa cikin ƙasa da minti ɗaya, ya raba su uku: ja, rawaya, kore. Ja shi ne wanda numfashinsa ya toshe ko yake fita da ƙyar, wanda leɓɓansa da harshensa suka yi shuɗi, wanda yake jijjiga ko ba ya cikin hayyacinsa, wanda jini ke zuba, da wanda hannuwansa suka yi sanyi bugun jininsa ya yi rauni. Shi a wuce da shi gado kai tsaye, 'yan'uwa su je su yanki kati daga baya. A ɗage mayafin duk yaron da ke goye a duba fuskarsa, domin yaron da ya yi shiru a bayan uwa shi ne ake mantawa a layi.

A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, bayan sun sake tsarin karɓar yara a 2001 suka fara tantancewa a ƙofa, mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin 100 ya koma 6 zuwa 8. Babu wani sabon magani da suka kawo.

Doka ma tana bayanka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai larurar gaggawa bisa kowane dalili, dokar 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Mataki na 2: Iska, numfashi, jini, hankali

Tsarin kowa ya haddace shi, matsalar ita ce tsallake. Buɗe hanyar iska, zuƙe majina ko amai, ka kwantar da marar hayyaci a gefensa. Ƙirga numfashi na cikakken minti. Maƙala na'urar yatsa: idan oksijin ya gaza 90, sa robar hanci, lita 1 zuwa 2 a minti ga jariri, har zuwa 4 ga yaron da ya tasa. Sannan bugun jini, da kanula, da gwada ko yana farke, ko sai an kira shi, ko sai an mintsine shi, ko ko kaɗan ba ya motsi. Duk abin da ka tarar ya lalace, gyara shi kafin ka wuce na gaba.

Wanda duk hankalinsa ya gushe ko yake jijjiga, a auna masa sukari nan take, yaro ne ko tsoho. Idan ya gaza 2.5 mmol/L, ko 3 ga yaro mai tamowa, ko kuma babu abin awon, a ba yaro ruwan sukari mai kashi 10, 5 ml a kowane kilo. Sau da yawa mai kashi 50 kaɗai ke cikin kabad, kuma ba a tura wa yaro shi tsagwaronsa. Haɗa kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura. Yaro mai kilo 12 zai samu 60 ml ta jijiya, wato 12 ml na mai kashi 50 da 48 ml na ruwa. In jijiya ta ɓuya, jiƙa ƙaramin cokali na sukarin shayi ka sa masa a ƙarƙashin harshe kafin ka samu. Bayan rabin awa sake awo.

Mataki na 3: Tsayar da taune-taune

Jijjigar da ta kai minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, kuma wanda aka ɗauko daga gida yana yi har ya iso asibiti ya riga ya wuce wannan. Cire cokalin da aka cusa masa a baki, kwantar da shi a gefe, sa oksijin. Tambayi uwar cikin lalama abin da aka ɗura masa ko aka shafa masa, domin idan ka fara da faɗa ba za ka ji gaskiya ba.

Ba sai ka samu jijiya ba. Zuƙi diazepam 0.5 mg a kowane kilo a ƙaramin sirinji, cire allurar, tura sirinjin santimita 4 zuwa 5 cikin dubura, matsa, ka haɗe ɗuwawun na 'yan mintuna. Yaro mai kilo 12 zai samu 6 mg, wato 1.2 ml daga kwalba mai 10 mg cikin 2 ml. Idan akwai kanula, 0.25 mg a kowane kilo a hankali. Bayan minti 10 in bai tsaya ba a maimaita sau ɗaya. Sau biyu ke nan, a tsaya nan, domin na uku numfashi yake ɗaukewa. Abin da ke biye shi ne phenobarbital 15 zuwa 20 mg a kowane kilo cikin minti 20, ko phenytoin. A gwajin ESETT na 2019 a Amurka an gwada levetiracetam da fosphenytoin da valproate, kowannensu ya tsayar da jijjiga a kusan rabin majinyata, don haka wanda kake da shi a hannu shi ne daidai. Jaririn da bai kai mako biyu ba phenobarbital ake fara masa, ba diazepam ba.

Mataki na 4: Yaro mai zazzaɓi da ya galabaita

A nan ne ya kamata a fi nutsuwa, domin a nan hannu ya fi saurin kuskure. An kawo yaro jiki zafi rau, numfashi sama-sama, ƙafafu sanyi. Iyaye na cewa a ƙara masa ruwa, kai ma abin da aka koya maka ke nan: buɗe ledar ruwa, tura 20 ml a kowane kilo da sauri.

An gwada wannan. Gwajin FEAST, wanda Kathryn Maitland ta jagoranta aka buga a 2011, ya ɗauki yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayen jini a Uganda da Kenya da Tanzaniya. An ba wasu ruwan gishiri da sauri, wasu albumin, wasu kuma aka bar su da ruwan da ke ɗiga a hankali. Cikin awa 48, kashi 10.5 da 10.6 cikin 100 na waɗanda aka tura wa ruwa suka rasu, na waɗanda ba a tura wa ba kuwa 7.3. Sai da aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Abin da ya fi rikitarwa, yaran da aka tura wa ruwan sukan ɗan farfaɗo da farko, hannu ya yi ɗumi, mai kallo ya ce an dace, sannan daga baya su rushe. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka sai ka rarrabe yara iri huɗu kafin ka taɓa ledar ruwa.

Na farko, mai gudawa da ya bushe: idanu sun zurma, fatar ciki in an ja ta ba ta komawa da wuri, ba ya iya sha. FEAST bai haɗa da irinsa ba, kuma shi ruwa ne maganinsa. Ringer 100 ml a kowane kilo: ɗan ƙasa da shekara ɗaya 30 cikin awa ɗaya sannan 70 cikin awa 5, wanda ya haura shekara 30 cikin rabin awa sannan 70 cikin awa biyu da rabi. Da ya fara iya haɗiya a haɗa da ruwan gishiri da sukari, da zinc na kwana 10 zuwa 14.

Na biyu, wanda zagayen jininsa ya faɗi da gaske. Sai alamu uku sun haɗu: hannu da ƙafa sanyi, farcen da aka danna ya yi fari ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, bugun jini mai sauri marar ƙarfi. Shi a ba shi 10 zuwa 20 ml a kowane kilo cikin minti 30 zuwa 60, kana tsaye kana saurarar ƙirjinsa. Alama ɗaya ko biyu ba su isa ba, mai su ruwan yau da kullum kawai zai samu.

Na uku, mai tamowa, wanda damtsensa bai kai santimita 11.5 ba ko ƙafafunsa suka kumbura. Zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa mai yawa. Ta baki ko ta robar hanci ake ba shi, sannu a hankali, sai fa in zagayen jini ya faɗi, a ba shi 10 zuwa 15 ml a kowane kilo cikin awa guda.

Na huɗu, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat. Jini yake nema, ruwa tsarma ɗan abin da ya rage masa zai yi. Idan awon yawan jini (Hb) ya gaza 4 g/dL, ko yana tsakanin 4 da 6 amma numfashi na wahala ko hankali ya gushe, a ƙara jini, 20 ml a kowane kilo cikin awa 3 zuwa 4. Aika samfurin jini ɗakin gwaji tun lokacin da kake sa kanula, ka kuma faɗa wa mahaifin ya fara neman masu bayarwa.

Sai maganin maleriya. Har yanzu akwai masu riƙe da kwinin saboda sabo. Gwajin AQUAMAT na 2010 ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin a Najeriya. Masu artesunate kashi 8.5 cikin 100 suka rasu, masu kwinin 10.9. Ga manya a Asiya tazarar ta fi haka a gwajin 2005. Kwinin yana kuma faɗar da sukari, ga shi sai an yi awa huɗu ana gadin ɗigarsa.

Yadda ake haɗa artesunate: kwalba mai 60 mg tana zuwa da ƙaramar kwalbar bicarbonate mai 1 ml. Zuba ta cikin garin, girgiza. Zai yi fari kamar madara, ci gaba har ya washe tas, in ya ƙi washewa a zubar. Ƙara 5 ml na ruwan gishiri, kowane ml yanzu yana ɗauke da 10 mg. In ta tsoka za a yi, 2 ml za ka ƙara, kowane ml ya zama 20 mg, a gaban cinya. Mai kilo 20 zuwa sama 2.4 mg a kowane kilo, wanda bai kai kilo 20 ba 3 mg. Yaronmu mai kilo 12 zai samu 36 mg, wato 3.6 ml, a cika 4. A tura ta jijiya a hankali, ba a zuba shi cikin ledar ruwa, kuma abin da ya rage ba a ajiye shi don anjima. Ana yi yanzu, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Ko yaro ya tashi yana neman koko bayan allurar farko sai an cika ukun nan, sannan ya sha cikakken maganin haɗi na kwana uku. A dawo da shi bayan mako ɗaya da bayan mako biyu a duba jininsa, domin wasu jininsu kan narke daga baya.

Gwajin maleriya ya nuna akwai, wannan bai kore sanƙarau ko ƙwayar cuta a jini ba, musamman da damina da kusan kowane yaro ke ɗauke da ita. Yaron da ya galabaita a haɗa masa da ceftriaxone. Babba kuma da zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, da rani, daga yankin Bauchi ko Taraba, sa safar hannu da takunkumi, keɓe shi, ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka. Lassa ta kashe ma'aikatan lafiya da dama a irin wannan ɗakin.

Mataki na 5: Jini na zuba

Ga wanda ya yi haɗari, fara da danne wurin da hannu da gauze mai kauri, kar ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Hannu ko ƙafar da jini ke tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin tamau a rubuta lokaci. In kana zargin ƙugu ya karye, naɗe shi da zani daidai kan ƙasusuwan saman cinya ka ƙulle. Kanula manya guda biyu. Ruwan gishiri kaɗan-kaɗan, iya abin da zai sa a ji bugun jini a wuyan hannu, awon sama na hawan jini ya tsaya wajen 80 zuwa 90, har a samu jini ko a shiga tiyata. Lita huɗu na ruwa mai sanyi tsarma jini suke yi su hana shi daskarewa. Rufe shi da bargo ko da ana zafi.

Sannan tranexamic acid, magani mai araha da ya kamata ya kasance cikin kowane kabad na imajansi. Gwajin CRASH-2 na 2010, da majinyata 20,211 a ƙasashe 40 har da Najeriya, ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 16 cikin 100 zuwa 14.5. Ana ba da giram 1 ta jijiya cikin minti 10, sai wani giram 1 cikin awa 8. Amma agogo ne ke hukunci: amfaninsa yana cikin awa uku na farko daga lokacin raunin, kowane jinkiri na minti 15 yana rage shi da kusan kashi ɗaya cikin goma, bayan awa uku kuwa waɗanda aka ba sun fi mutuwa da zubar jini. Tambayi wanda ya kawo shi yaushe abin ya faru. Idan ya ce bayan la'asar, ga shi an idar da isha'i, bar shi. Ga mai aman jini ma bar shi: gwajin HALT-IT na 2020 bai ga amfani ba, sai ƙarin gudan jini a jijiyoyi.

Wanda ya bugu a kai, a daina yi masa dexamethasone ko hydrocortisone da sunan rage kumburin ƙwaƙwalwa. A gwajin CRASH na 2004, da mutum 10,008, waɗanda aka ba irin wannan magani kashi 21 cikin 100 suka rasu cikin mako biyu, waɗanda ba a ba ba 18. Abin da ƙwaƙwalwarsa ke so shi ne oksijin, da awon jinin da bai faɗi ba, da ɗaga kan gado kaɗan, da wanda zai riƙa duba ƙwayar idonsa da hankalinsa a kai a kai.

Ga mai jego, babbar matsalar ita ce ido yana raina jini. Zani ya shanye, katifa ta shanye, ungozoma ta ce kaɗan ne. Gwajin E-MOTIVE na 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 210,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya canza abu biyu. An shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mace don a ga adadin jinin da ido, sannan da ya kai 500 ml aka yi dukkan matakai a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira. Mummunan sakamako ya sauko daga kashi 4.3 cikin 100 zuwa 1.6. Matakan su ne: murza mahaifa har ta yi tauri, oxytocin 10 IU, tranexamic acid giram 1, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, da kiran na gaba in jini bai tsaya ba. Sa robar fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. In jini ya ci gaba bayan rabin awa a maimaita tranexamic acid, kamar yadda aka yi a gwajin WOMAN na 2017, inda bayar da shi cikin awa uku ya rage mutuwa sanadiyyar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Oxytocin ɗin da ya kwana a kan tebur a zafin watan Afrilu kar ka dogara da shi, firji ne wurinsa. In babu mai kyau, misoprostol 800 mcg a ƙarƙashin harshe. Mai hawan jini ba a yi mata ergometrine.

Mataki na 6: Mai ciki ta jijjiga

Mace mai cikin da ya wuce wata biyar, ko sabuwar haihuwa, ta zo tana jijjiga, ɗauke ta a matsayin jijjigar masu ciki har sai an tabbatar da wani abu daban. Magnesium sulphate ne maganinta. Tun 1995 babban gwaji ya nuna ya fi diazepam hana dawowar jijjiga da kusan rabi, gwajin Magpie na 2002 da mata 10,141 kuma ya nuna yana hana ta faruwa ga masu hawan jinin ciki da fiye da rabi. Tsoron da ma'aikata ke yi masa ya fi haɗarinsa.

Daga magnesium mai kashi 50, zuƙi 8 ml, wato giram 4, ƙara ruwan allura 12 ml, tura ta jijiya cikin minti 5 zuwa 10. Nan take giram 5 a kowane ɗuwawu, can cikin tsoka, da 1 ml na lignocaine. Daga nan giram 5 duk awa 4, ana sauya ɗuwawu, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura duba uku: gwiwa na harbawa in an buga, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari ya kai 30 ml a awa. Ɗaya ya gaza, dakata. Calcium gluconate giram 1, makarin magnesium, ya kasance kusa. Awon jini ya kai 160 bisa 110, sauke shi da hydralazine ko labetalol ko nifedipine na haɗiya. Sannan a shirya haihuwa, domin ita ce ƙarshen ciwon.

Mataki na 7: Saran maciji

Daga Gombe zuwa Taraba, Filato da Binuwai, kububuwa ce ta fi kawo mutane, kuma dafinta jini yake hana daskarewa. Mutum zai iya shigowa da ƙafarsa yana hira, jini na tsiyaya a cikinsa. Kwance ɗaurin da aka yi masa bayan ka sa kanula, cire zobe da awarwaro, daidaita gaɓar da katako. Ba tsaga, ba tsotsa, baƙin dutse ba ya zuƙe komai. Ba allurar tsoka, ba diclofenac, ba aspirin. Paracetamol ya isa.

Gwajin da zai faɗa maka gaskiya ba ya bukatar wuta. Zuba 2 ml na jininsa a sabuwar kwalbar gilashi, busasshiya, wadda ba a wanke da sabulu ba. Roba ba ta yi. Ajiye ta tsaye, kar a taɓa, minti 20. Karkata ta sau ɗaya. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, a ba da maganin dafi. In ya daskare, sake gwadawa bayan 'yan awanni, ka riƙe shi awa 24 kafin sallama.

A gwajin da aka yi a Kaltungo da majinyata 400 aka buga a 2010, kwalba uku na EchiTAb-Plus sun dawo da daskarewar jini a kashi 83 cikin 100, kwalba ɗaya ta EchiTAb-G a kashi 76. Karanta jikin kwalin da 'yan'uwa suka sayo: in ba a rubuta Echis ocellatus ba, ba na macijinmu ba ne. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka sauya zuwa maganin da aka yi da dafin macizan Indiya, mace-mace sun tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa 12. Adadin yaro daidai yake da na babba, tunda maciji bai rage masa dafi ba. Ba a gwajin fata, sai dai adrenaline ya kasance a zuƙe cikin sirinji kafin ka fara. Bayan awa 6 maimaita gwajin kwalba, in bai daskare ba a ƙara. Ƙarin jini ba tare da maganin dafi ba asara ce, dafin zai cinye shi. Wanda fatar idonsa ke saukowa ko yawu ke dalala, gamsheƙa ce, shirya jakar hura iska kusa da shi.

Mataki na 8: Waɗanda ake gamawa da su da hannu ɗaya

Wanda jikinsa ya yi bore bayan allura ko harbin zuma, fuska ta kumbura numfashi na shaƙewa: adrenaline 0.5 mg a tsokar gefen cinya, yaro 0.01 mg a kowane kilo, a maimaita bayan minti 5. Hydrocortisone da piriton ba sa buɗe maƙogwaro, kar su riga shi.

Mai asma: in babu injin turare, fasa gindin gorar ruwa ta roba mai 500 ml, cusa bakin abin shaƙar salbutamol, ya shaƙa ta bakin gorar fesa ɗaya-ɗaya. An gwada wannan a kan yara a Afirka ta Kudu a 1999, ya yi aiki daidai da na kanti. Prednisolone cikin awar farko, in ya yi tsanani magnesium giram 2 cikin minti 20 ga babba. Aminophylline ya koma sahun baya.

Wanda ya sha fiya-fiya: cire masa tufafi, wanke jiki, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara. Atropine 1 zuwa 3 mg, kana ninkawa duk minti 5 har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80. Yana iya cin kwalabe da yawa, kar yawan ya tsorata ka. Yaron da ya sha kananzir ma ba amai, ba wankin ciki, huhu ake tsoro.

Mai sikila da ciwo ya tashi: maganin ciwo mai ƙarfi cikin rabin awa, a yarda da abin da ya faɗa game da zafinsa. Zazzaɓi ko ciwon ƙirji, ceftriaxone da oksijin. Mai shanyewar ɓarin jiki: auna sukari, kar a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa, kuma kar a fasa masa nifedipine a ƙarƙashin harshe saboda awon hawan jininsa ya yi sama. Faɗar da shi farat ɗaya ƙara kashe ƙwaƙwalwa yake yi.

Mataki na 9: Sake dubawa, da turawa gaba

Duk mai ja a sake auna shi duk minti 15 a rubuta, da lokacin kowace allura. Idan aikin ya fi ƙarfin asibitinku, kar a tura shi ɗanye. A yi allurar farko ta artesunate ko magnesium ko ceftriaxone ko tranexamic acid, a gyara sukari, a manne kanula da kyau. Kira can kafin mota ta tashi, ka tabbatar akwai gado da jini da mai tiyata. Takardar ta nuna nauyinsa, awon ƙarshe, abin da aka ba shi da ƙarfe nawa, da lokacin da allura ta gaba za ta yi. Ma'aikaci guda ya zauna a baya tare da shi, da jakar hura iska, da diazepam, da ruwan sukari a haɗe cikin sirinji.